Tabarau na Kwalba a Gindin Rijiya

Ku samarin ga masu yawo da allon tabarau tsakanin tasha da kasuwar dabbobi, kun ce in ba ku labarin sana'a, to ku aje wayoyinku ƙasa. Jiya ɗaya daga cikinku ya tsaya bakin rumfata yana dariya, wai mi ke da wuya cikin tabarau, ka saro a buhu, ka jera, wanda ya ga ya yi wa fuskarshi kyau ya biya. Ban tanka mishi ba, don in na buɗe baki a lokacin zagi ne za shi fito. Yau na ɗan huce, amma ba duka ba. Zan gaya muku abin da hannuna ya sani, kuma zan ba ku labarin Agali maginin rijiya, mutumin da ya zo mini da ido ɗaya tak ya ce in tsare mishi shi.

Ni Illa, a hannun kawuna Mijinyawa na koyi aikin ga. Shi can Abijan ya koyo shi, lokacin da ya tafi biɗa, wato neman kuɗi ƙasar waje, kamar kowane ɗan Adar, ya daɗe yana share shagon wani mai yanka tabarau har hannunshi ya faɗa. Da ya komo Tawa bai zo da rediyo ko keke ba kamar sauran, sai dutsen washi mai juyawa da hannu, da awartaki ƙanana, da magagari, da hantsaki, da gwangwani cike da ƙusoshi waɗanda in ɗaya ya faɗi ƙasa sai dai ka yi mishi addu'a. Rairayi yake zubawa cikin kwano ya aza kan murhun shayi, in ya yi zafi ya tusa gidan tabarau na roba a ciki har ya yi laushi, sannan ya danna gilashi ya shige. In ka daɗe da shi cikin rairayin ya narke, in ka yi gaggawa ya karye a hannunka. Na sha ranƙwashi a kan wannan kwanon fiye da yadda na sha a makarantar allo.

Aikin farko da ya ba ni ba saidawa ba ne, ɓarna ce. An kawo mishi sabon kwali daga Yamai, ya zaro guda ɗaya mai kyau ƙal, ya miƙo mini ya ce, "Kashe shi." Na tsaya ina kallonshi, na ɗauka gwada ni yake. Ya ce, "Kai, ɗan ƙanwata, uwarka tana zuba miya ba ta ɗanɗana ba?" Ashe dokarshi ke nan. Duk kwalin da ya shigo rumfar, sai an sadaukar da ɗaya kafin a saida ko guda. Na sake shi daga tsayin kafaɗa a kan dutse. Na goge shi da jiƙaƙƙen rairayi. Na jefa shi kan kwanon rumfa ya wuni cikin ranar bazara, da la'asar na hau na sauko da shi mu ga ko fentin da ke fuskar gilashin ya tsattsage. Ƙafafun munka jiƙa cikin ruwan gishiri, don gumin mutum gishiri ne, kuma ƙarfen banza cikin ƴan kwanaki sai ya yi tsanwa ya ci bayan kunne. Na ƙarshe shi ne na albasa: a ɗaure gilashin jikin babbar albasa, a ja baya, a harbe shi da tsakuwa da ɗanƙon harbin tsuntsu, sannan a yanka albasar a duba abin da ya shige ta.

Da irin wannan ɓarnar na san kayana, ba da takarda ba. Mu duk gilashi muke ce musu, amma ba uwa ɗaya ta haife su ba. Na kwalba yana da nauyi da sanyi a hannu, rairayi ba ya yi mishi komi, ka yi shekaru da shi yana nan garau, amma ranar da abu ya buge shi ba ya tsagewa biyu, tarwatsewa yake kamar allurai, kuma duk ciki suke nufa. Na roba mara nauyi ne, ka goge shi da gefen riga mai ƙasa ya yi zane, amma tsakuwa sai dai ta tsaga shi. Akwai kuma wata roba mai taurin kai wadda ta zo daga baya, ita ko guduma ka sa mata sai dai ta lotsa, ga ta kuwa da saurin karcewa fiye da kowacce. Babu na kirki babu na banza a cikinsu. Tela da malami da ma'aikacin biro, wato ofis, ba su kwalba su yi ta godiya. Ɗan kabu-kabu da maƙeri da mai fasa dutse, in ka sa musu kwalba a fuska ka ɗana musu tarko.

To amma mutanenmu nasu gwaji guda ne, kun san shi, don da shi kuke cin abinci. Mutum ya ɗauki tabarau ya ƙwanƙwasa a haƙorinshi na gaba. In ya ji ƙarar nan siririya ya ce wanga shi ne na ainihi, in ya ji ta dishe ya ture ya ce roba ce. Tun daga Barmu har Takanamat haka ake yi, tsoho da yaro. Kawuna har ya mutu yana faɗa da wannan haƙorin bai ci nasara ba.

Wata rana wata yarinya mai gyaran amare ta kawo mini ƴar kwalba da wasu fallaye biyu shuɗɗa suna iyo cikin ruwa, irin waɗanda kuke kira lanti, masu mannewa a ƙwayar ido. Ruwansu ya ƙare, tana so in gaya mata ko na randa zai yi. Amarya nawa sunka sa waɗannan biyun? Ta ce ba ta ƙirga ba. Na saye su daga hannunta don kawai in raba ta da su. Ɗaya na aza kan tebur, kafin in gama shayi ya bushe ya naɗe kamar ɓawon albasa, na taɓa shi ya ɓare. Ɗayan na bar shi cikin ruwan randa, da ya kwana biyu ya yi yauƙi ya dushe. Na nuna mata na ce, "Ɗiyata, wanga kike ɗauka daga idon wannan ki sa a na waccan." Ta ce ai kowa haka yake yi. Wanda ya saida mata kuwa bai taɓa buɗe ko ɗaya ya duba ba, a waya ya ga hoto ya saro.

Agali mutumin wajen Takanamat ne, dogo, mai baƙin rawani, Hausarshi da gishirin Tamajak. Idonshi na hagu ya tafi tun yana yaro, ciwo ya cinye shi. Da na dama ya gina rijiyoyin da ban san iyakarsu ba, shi yana gindi da dagi da guduma, ƙanenshi Alhusaini yana sama yana jan igiya. Da girma ya fara kama shi sai kan dagin ya soma yi mishi biyu-biyu. Likitan ido ya auna shi ya rubuta mishi lamba, ya ce ya je a yanka mishi. Ya shigo rumfata ya aza takardar a tebur ya ce, "Mai tabarau, ni ɗaya gare ni. In ya tafi, gidana ya tafi." Na ce mi kake yi? Ya ce yana fasa dutse cikin rami. Ban sake tambaya ba. Na aika Yamai anka kawo mini robar nan mai taurin kai a lambarshi, na kashe guda a gabanshi da guduma ya ga ba ta fashe ba, na zauna kan dutsen washi na ci gefen ta biyu sannu-sannu har ta zauna cikin gida mai faɗi wanda ya rufe mishi har gefen ido. Na ɗaura mishi igiya ta baya don kada ya zame in ya duƙa. Na ce, "Abu ɗaya, kada ka goge shi a bushe. Zuba mishi ruwa tukuna, ƙasar ta sauka, sannan ka sa tsumma." Ya ce ya ji. Ya kira ni amidi, wato aboki da bakinsu, ya tafi yana kallon tafin hannunshi yana murmushi.

Sai ga mugunyar shekara. Damina ta yi mana tsaye, hatsi ya bushe a kara, rijiyoyin arewa sunka ja da baya. Wa ke zancen tabarau alhali rumbu ba komi? Sai in wuni ban taɓa awartaki ba. Samarin da gona ta kora kuwa sunka cika gari, kowa ya samo allo ya soke tabarau na buhu a kai, ya bi motocin kasuwa ƙauye-ƙauye. Ban zarge su da neman abinci ba, yunwa ba ta da kunya. Abin da ya ci mini rai shi ne ba wanda ya zo ya tambayi ko kalma ɗaya. A shekarar nan aikin Agali ya ninka, kowane gari na kiranshi ya ƙara wa rijiya zurfi, kuma zurfin nan duk cikin fa ne, dutse zalla.

Ranar wata Lahadi, kasuwa na ci, sai ga shi da Alhusaini a bayanshi. Bai yi sallamar da ya saba ba. Ya jefo tabarau ɗin da na yanka mishi a kan tebur, na ɗauka na ɗaga wa haske, ya yi fari fat da zane, ka san da gefen rawani anka yi ta goge shi. A fuskarshi kuwa ga wani sabo yana walƙiya, tun daga nesa na gane kwalba ce.

Ya ce, "Illa, bokiti ka yanka ka sa mini a fuska?"

Na ce, "Wa ya ba ka wanga da ke idonka?"

Ya ce, "Wanda ya fi ka gaskiya." Ya cire ya ƙwanƙwasa a haƙori. "Ka ji? A kasuwar Takanamat, gaban mutane, yaron da ya saida mini ya sa ƙusa ya karci naka, ya yi zane. Ya karci nashi, ko alama. Anka yi ta yi mini dariya, wai ɗan birni ya ga baƙauye."

Na ce, "Bai yi maka ƙarya ba, kwalba ba ta karcewa. Amma ƙusa ke tashi ta bi ka cikin rijiya, ko dutse? Ya tambaye ka aikinka?"

Ya ce yaron bai tambaya ba, kuma ba ruwanshi da tambaya. Na tashi na karɓo albasa biyu manya wurin maƙwabcina, na zaro tsohon gilashin kwalba cikin akwati na ɗaure a jikin ɗaya, nashi mai zane na ɗaure a jikin ɗayar. Mutane sunka fara taruwa. Na ja ɗanƙo na harbi robar, tsakuwa ta yi tsalle ta faɗa kwandon mai tumatir, ba abin da ya samu albasa. Na harbi kwalbar, ta watse. Na sa wuƙa na tsaga albasar gida biyu na kai mishi har ƙarƙashin hanci, ga tsinin kwalba nan sun nutse cikin namanta suna ƙyalli. Na ce, "Agali, wannan idonka ne."

Ya duba, ya daɗe yana dubawa. Na ɗauka magana ta shiga. Sai ya ce, "Gindin rijiya duhu ne, Illa. Cikin naka ba ni ganin kan dagi, na buge yatsana ya fi a ƙirga. Cikin wanga ina ganin har jijiyar dutse."

Na ce, "Na gaya maka ka zuba ruwa kafin ka goge."

Ya yi wata dariya mara daɗi ya ce, "Ruwan da babu shi nake gina, ka ce in wanke tabarau da shi?"

Na ce to ya bar mini kwalbar, zan sake yanka mishi sabuwar roba, kada ya ba ni komi, in ta yi zane ya dawo in sake, har damina ta faɗi. Ya ce sai yaushe? Na ce sai an kawo daga Yamai. Ya ce gobe yana da rijiya, mutanen garin da dabbobinsu suna zaune bakinta suna jiranshi. Alhusaini ya sa baki ya ce, "Yaya, ka saurari mutumen ga." Agali ya juya ya yi mishi magana ɗaya da Tamajak, ƙanen ya ja da baya. Ya mai da kwalbar a fuskarshi. Ni kuma raina ya ɓaci, jini ya hau mini ka, na miƙa hannu in fizge ta. Kun san ba a kai hannu fuskar mai rawani. Ya cafke wuyan hannuna kafin in isa, ya riƙe har na ji ƙashi, ya ce, "Ba a taɓa fuskata." Ya sake ni ya juya. Na bi shi da murya har bakin layin masu takalma ina cewa aƙalla ya cire ta in za shi bugi dutse. Bai waiwayo ba. Mutane sunka ce na yi rashin ladabi, ni kuwa in yau ce ma sai na sake miƙa hannun.

Bazara ba ta ƙare ba Alhusaini ya shigo rumfata shi kaɗai, rigarshi da busasshen jini a kafaɗa. Ya ce suna wani gari arewa da Takanamat, sun kusa ruwa, har ƙasar da yake jawowa ta fara danshi. Ya ji guduma ta sauka, sai ya ji shiru, sannan ya ji yayanshi ya kira sunanshi sau ɗaya. Da sunka jawo shi sama hannunshi na kan fuska. Ɓallen dutsen da ya tashi ya fasa kwalbar bai kai ƙwayar wake ba, Alhusaini ya gan shi maƙale cikin rawani. Da roba ce, da zane ɗaya za ta ƙara. Sunka aza shi a motar kasuwa har asibitin Tawa. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, sun ciro abin da za su iya cirowa, amma idon ya riga ya tsiyaye.

Na rufe rumfa na nufi tasha da sanda a hannu, ba zan ɓoye muku ba. Na bi allo-allo ina tambaya wa ke cin kasuwar Takanamat. Kowa ya ce ba shi ba ne, kuma wataƙila gaskiyarsu, don duk allonku iri ɗaya, kayanku buhu ɗaya. Har yau ban san fuskar yaron da ya saida mishi ba, mai yiwuwa ma yana zaune cikinku yanzu bai san abin da ya aikata ba. Shi ya sa in na ji kuna cewa sana'ar ga ba wuya nake jin kamar in kife allon mutum. Kun iya ƙusa, kun iya haƙori, kun iya sa taro ya yi wa dattijo dariya. Cikinku wa ya taɓa fasa ko guda ɗaya daga kayanshi ya ga yadda yake mutuwa? Wa ya taɓa ce wa mai saye, baba, mi kake yi da rana? Tambayar ga ba ta cin ko dala, kuma ita ce rabin aikin. Ba hula kuke saidawa ba, abin da za shi zauna gaban idon mutum ne, ɗan yatsa ɗaya tsakaninsu.

Bayan kaka Alhusaini ya kawo yayanshi rumfata, yana riƙe da kan sanda, Agali na riƙe da gindinta. Ya rame, ya ja rawani har ya kusa rufe goshi. Na shimfiɗa mishi tabarma, munka gaisa kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu. Ban ce na gaya maka ba, shi ma bai ɗauko zancen ba. Ya ce rijiyar an ƙarasa ta, ruwanta daɗi gare shi, an kawo mishi a gora ya sha. Sannan ya ce, "Amidi, baƙin tabarau nake so, mai duhu sosai. Ƴar autata ba ta yarda ta ci tuwo kusa da ni, in ta ga wurin idon sai ta gudu bayan uwarta."

Na zaɓo mafi faɗi cikin kayana, na tusa ƙafafun cikin rairayi mai zafi, na lanƙwasa su daidai kunnenshi. Da na zo sa mishi na tsaya, hannuna a sama. Ya ji na tsaya. Shi da kanshi ya sa yatsa ya sassauta rawanin ya ce, "Sa mini." Na sa. Sai hannuna ya riga hankalina, na ɗauko madubi na ɗaga gaban fuskarshi kamar yadda nake yi wa kowane mai saye. Alhusaini ya kau da kai. Agali yana zaune tsaf, fuskarshi na fuskantar madubin, yana jira.

Ya ce, "Ƙaƙa, Illa? Ya rufe?"

Na aje madubin a hankali don kada ya ji ƙararshi. Na ce, "Ya rufe."